GONDOLIN: Ɓoyayyen Birnin Da Har Yau Kyamara Ba Ta Shiga Ba

Mai karatu, in kana cikin waɗanda suka kalli kashi na farko na fim ɗin The Hobbit, wanda Peter Jackson ya fitar a 2012, ƙila ka tuna wurin da Gandalf da wadannin nan suka kutsa kogon dodanni uku, bayan rana ta fito ta maishe su duwatsu. A cikin tarkacen kogon suka tsinci takubba duk saƙar gizo ta lulluɓe su. Gandalf ya zare ɗaya ya duba, ya ce wannan ai ƙirar Gondolin ce. Da suka isa Rivendell, Elrond ya karɓa ya gaya musu sunayensu, ɗaya Orcrist, ɗaya Glamdring, ya ce ta biyun ta sarkin Gondolin ce. Daga nan fim ya ci gaba da harkar gabansa, ɗan kallo kuma bai sake jin ɗuriyar garin ba.

Abin da fim ɗin bai tsaya ya gaya maka ba shi ne, sarkin da ake magana a kai kakan mahaifin Elrond ne, wato shi Elrond tattaɓa-kunnensa ne. Kuma a ranar da yake juya takobin nan a hannunsa, birnin ya haura shekara dubu shida da zama toka, bisa lissafin littattafan. Wannan takobin ce Gandalf ya tari Balrog da ita a kan gadar Moria a fim ɗin 2001, alhali kuwa 'yan'uwan wannan Balrog ɗin ne suka ƙone garin da aka ƙera ta. Ka ga ashe tsohuwar gaba ce, ba a ranar aka fara ba.

Kafin mu shiga garin, bari mu daidaita kan sunan mutanensa. Da yawa cikin 'yan kallo in sun ga su Legolas da dogon gashi da tsinin kunne sai su ce aljanu ne. Ni dai ban yarda da wannan fassara ba, domin halittun da J.R.R. Tolkien ya ƙago ba sa ɓacewa, ba sa hawa kan kowa. Jini da tsoka ne, suna aure suna haihuwa, takobi na kashe su, baƙin ciki ma na kashe su. Tsufa da cuta ne kawai ba ruwansu da su. Don haka a nan Elfawa zan riƙa ce musu.

Turgon, wanda ya gina Gondolin, ɗan ƙabilar Noldor ne, kuma ba a Tsakiyar Duniya aka haife shi ba. A Valinor ya tashi, can yamma bayan teku, ƙasar da Valar suke zaune, a wani farin birni kan tudu mai suna Tirion. A lokacin babu rana babu wata, wasu bishiyoyi biyu ne ke haskaka ƙasar, ɗaya mai hasken azurfa ɗaya mai hasken zinariya. Sai Feanor, ɗan'uwan mahaifin Turgon ta wajen uba, ya ƙera wasu duwatsu uku, Silmaril, ya kulle hasken bishiyoyin a cikinsu. Morgoth, wanda shi ne uban gidan Sauron ɗin da ka sani, ya zo ya kashe bishiyoyin, ya kashe sarkin Noldor, ya kwashe duwatsun ya gudu gabas. Noldor suka fusata suka ce sai sun bi shi, Valar suka hana, suka ƙi hanuwa. A hanya da suka nemi jiragen ruwa aka hana su, sai suka far wa 'yan'uwansu Elfawa masu jiragen, suka zubar da jini a ƙasar da ba a taɓa yaƙi a cikinta ba. Nan aka yi musu baki, aka rufe musu ƙofar komowa. Ɓangaren su Turgon ko jiragen ma ba su samu ba, Feanor ya tsallaka ya banka musu wuta, sai da ƙafa suka ratsa ta kan ƙanƙarar arewa. A wannan tafiya matar Turgon, Elenwe, ta halaka, ta bar masa 'ya guda, Idril.

Riƙe wannan, mai karatu, don da shi za ka gane mutumin. Ɗan gudun hijira ne da ya rasa gari ya rasa mata, kuma ya san da hannun danginsa a abin da ya jawo.

Da suka iso, Turgon ya fara zama a bakin teku, a wani wuri Vinyamar. A shekara ta 50 ta Zamanin Farko sai Ulmo, mai kula da ruwaye a cikin Valar, ya sa masa damuwa cikin mafarki cewa zaman lafiyar da ake gani ba mai ɗorewa ba ne, ya nemi maɓoya. Bayan shekara uku ya nuna masa kwarin Tumladen: wani shimfiɗaɗɗen fili kore shar, wanda a da can tafki ne, duwatsu masu tsawo sun kewaye shi kamar zobe, a tsakiyarsa ga wani tudun dutse. Hanyar shiga ɗaya ce tak, ta ƙarƙashin dutse, inda ruwan tafkin ya bi ya tsiyaye. Aka soma gini a asirce a shekara ta 64, ba a gama ba sai 116, shekara 52 ke nan. Sannan jama'a suka riƙa sulalewa ƙungiya-ƙungiya, kashi ɗaya cikin uku na mabiyan mahaifinsa da kuma Elfawan ƙasar, Sindar, waɗanda suka ma fi su yawa. Aka wayi gari ƙasar Nevrast ba kowa, kuma ko danginsu ba su san inda suka shiga ba. Kafin tashinsa Ulmo ya sa shi ya rataye sulke da kwalkwali da takobi da garkuwa a tsohuwar fadarsa, ya ce wata rana wanda zai sa su zai zo masa da saƙo. Ya kuma ja kunnensa kada aikin hannunsa ya shiga ransa fiye da kima, don mafitar Noldor daga teku za ta zo.

Shi garin, Tirion aka kwaikwaya. Fararen ganuwoyi, matakalan farin dutse, hasumiyar sarki, ga maɓuɓɓugan ruwa ko'ina, har Turgon ya sa masa suna Ondolinde a harshensu na Quenya, ma'ana dutsen da ruwa ke wa kiɗa. A bakin Sindar ne sunan ya koma Gondolin, Ɓoyayyen Dutse. A ƙofar fada sarki da kansa ya ƙera bishiyoyi biyu, Glingal ta zinariya da Belthil mai furannin azurfa, don tunawa da waɗanda aka kashe. A ganina duk labarin garin yana jikin bishiyoyin nan. Na asali rayayyu ne, suna ba duniya haske. Waɗannan kuwa ƙarfe ne, kyau kawai gare su.

Baƙon da aka yarda ya shiga sai ya bi busasshen kogi, ya shiga rami mai duhu, ya fito cikin wani tsagin dutse mai hawa, sannan ya wuce ƙofofi bakwai: ta katako, ta dutse, ta tagulla, ta baƙin ƙarfe, ta azurfa, ta zinariya, ta ƙarshe kuma ta tataccen ƙarfe irin na takobi. Kowace da dakarunta da irin shigarsu. A sama kuma ga mikiyoyin Thorondor suna shawagi, ba ɗan leƙen asirin da ke iya hawa duwatsun ya sauka da rai. A cikin gari jama'a sun kasu gida 12, kowane da ubangidansa da tambarinsa. Akwai Gidan Maɓuɓɓuga na Ecthelion, masu son azurfa da lu'ulu'u, masu fita yaƙi da busar sarewa. Akwai Gidan Furen Zinariya na Glorfindel, da Gidan Tsattsewa da Gidan Bakan Gizo, waɗanda su ne gwanayen harbi. Amma ni wanda ya fi kwanta mini shi ne Gidan Gudumar Fushi na Rog, gidan maƙera, wanda da yawa cikin mutanensa bayi ne da suka tsere daga ramukan haƙar ma'adinan Morgoth. Su ba labarin abokin gaba suka ji ba, a jikinsu suka san shi.

Wajen harshe ma garin daban yake. Thingol, babban sarkin Sindar, da ya ji labarin jinin da aka zubar saboda jirage, sai ya haramta Quenya a ƙasarsa, har harshen ya koma na littafi da waƙa a wajen yawancin Noldor. A gidan Turgon ne ya ci gaba da zama harshen yau da kullum. Kada ka ɗauka wasa ne, Tolkien malamin harsuna ne a jami'ar Oxford, kuma ya gina harsunan nan biyu da nahawunsu. Quenya ya ɗauko ƙamshin harshen mutanen Finland, Sindarin kuma na mutanen Wales. Shi da kansa ya ce harsunan ne suka riga labarin, don su samu masu magana da su ya ƙago duniyar.

To, sai batun addini, wanda a nan ne masu kallo suka fi ruɗewa. Wasu sukan ɗauka tunda akwai Valar, su Manwe da Varda da Ulmo da Aule, to Elfawa masu bautar gumaka ne irin na tatsuniyoyin Girkawa. Ba haka Tolkien ya tsara ba. A duniyarsa mahalicci ɗaya ne, Eru Iluvatar, shi kaɗai ke iya ba da rai. Valar halittunsa ne da ya damƙa wa kula da duniya, sun fi kusa da abin da za a kira mala'iku, suna kuskure, kuma akwai abin da ba su sani ba. Elfawa na girmama su, suna kiran sunan Varda in sun shiga tsanani, ita ce Elbereth da kake ji a littafi, amma ba sa yi musu yanka. Sunan Eru kuwa da wuya su ambace shi, sai a babban al'amari kamar ɗaurin aure ko rantsuwa. Shi ya sa rantsuwar da Feanor ya yi da sunansa ta zama sarƙar da ba ta kwantuwa.

Ka duba Gondolin kaf, ba ka samun ɗakin ibada ko wani rukunin malaman addini. Abin da ya fi kusa shi ne wani fili mai tudu kusa da fada, Gar Ainion, inda ake ɗaura aure a sarari. Da gangan marubucin ya yi haka. Shi ɗan ɗarikar Katolika ne mai riƙo sosai, kuma a wata wasiƙa da ya rubuta wa wani limamin coci abokinsa a 1953 ya bayyana cewa ya tsame kusan duk wani abu na tsarin ibada daga The Lord of the Rings, ya bar addinin ya narke cikin labarin kansa. Babban ɗakin bautar da ya shahara a duk tarihin duniyar tasa shi ne wanda Sauron ya gina a tsibirin Numenor, inda ake ƙona mutane don Morgoth.

Ibadar mutanen Gondolin, in za a kira ta haka, tunawa ce da jira. Suna da bikin Haihuwar Furanni in sanyi ya wuce, wanda yara suka fi morewa. Babban bikinsu kuwa shi ne Ƙofofin Bazara: daga tsakar dare ba mai cewa uffan a duk garin, sai fitilun azurfa a tituna da ɗan kiɗa ƙasa-ƙasa, jama'a su hau ganuwa ta gabas su tsaya shiru, sai rana ta ɓullo su tarbe ta da tsofaffin waƙoƙi. Mutuwa ma a wajensu wata aba ce daban. In Elf ya mutu ransa na tafiya zauren Mandos ya jira, kuma ana iya maido shi cikin jiki. Ɗan Adam kuwa in ya mutu ya bar duniyar ɗungurungum, Elfawa ba su san inda yake zuwa ba, har suna kiran mutuwa kyautar da Eru ya yi wa mutane. Amma ka tuna mutanen garin nan korarru ne. Sun ga Valar ido da ido, ba su da shakka a kan samuwarsu, abin da ke cin su shi ne an juya musu baya. Turgon ya sha aika jiragen ruwa yamma neman gafara da taimako, ba wanda ya isa. A jirage bakwai na ƙarshe mutum ɗaya ne teku ta tofo da rai, Voronwe.

Doka mafi tsanani a garin ita ce, duk wanda ya gano hanyar shiga ba ya fita har abada. Wadda ta fara karya ta kuwa ƙanwar sarki ce, Aredhel, mace mai son hawan doki da farauta, wadda bayan shekara 200 a cikin ganuwa ta ce ita fa ta gaji. Sarki ya ƙi, ta nace, ya ƙyale ta. Ta ɓace a wani daji mai duhu, inda wani maƙeri mai suna Eol, maƙiyin Noldor, ya riƙe ta ya aure ta. Suka haifi ɗa. Uban bai raɗa masa suna ba sai da ya shekara 12, ya ce Maeglin, mai kaifin ido, ita kuwa uwar tun tuni ta raɗa masa nata a ɓoye da harshen da aka haramta. A shekara ta 400 uwa da ɗa suka gudo Gondolin, Eol ya biyo sawunsu. Turgon ya karɓe shi a matsayin suruki, amma ya ce doka doka ce, ko ya zauna ko ya mutu. Eol ya ce ya zaɓi mutuwa, shi da ɗansa, ya fizgo mashi daga cikin riga ya jefi yaron. Uwar ta tare da kafaɗarta. Rauni ƙarami ne, har ita da Idril suka roƙa masa sassauci, ashe akwai dafi, cikin dare ta cika. Washegari aka jefo Eol daga kan dutsen Caragdur, ɗansa na tsaye bai ce komai ba, shi kuwa ya yi masa baki cewa irin mutuwarsa zai yi.

Maeglin ya zama babban mutum a garin, shi ya gano ma'adinin ƙarfe a duwatsun arewa, shi ya ƙera ƙofa ta bakwai. Matsalarsa ɗaya, son Idril yake, 'yar kawunsa. Na san mai karatu zai ce to mene ne a ciki, ai tuwona maina. A wajen Elfawa kuwa auren zumunci na kusa haka abin ƙyama ne, ba a taɓa jin wanda ya ma yi sha'awarsa ba. Ita kuma Idril ta karanci abin da ke ransa, sai ta ƙara gudunsa. Haka ya haɗiye abin sama da shekara ɗari yana ruɓa a cikinsa.

Sau ɗaya garin ya buɗe ƙofa ya fita da rundunarsa, a shekara ta 472, yaƙin da ake kira na Hawaye Marasa Ƙirguwa. Turgon ya fito da mayaƙa 10,000 ba tare da an kira shi ba. Aka yi wa Elfawa mummunan kaye, wansa Fingon ya faɗi, sarautar Noldor duka ta dawo kansa, Gondolin ta zama babban birni na gaske, sai dai babban birnin da talakawansa na waje ba su san hanyarsa ba. Waɗanda suka tsaya suka tare masa baya har ya tsira 'yan Adam ne, wa da ƙani, Hurin da Huor, waɗanda suna samari mikiyoyi suka taɓa kai su garin suka shekara, sarki ya yi musu alfarmar da bai yi wa Eol ba, ya bar su suka tafi. Huor ya mutu a wurin, Hurin aka kama shi.

Ɗan Huor, Tuor, wanda aka haifa bayan rasuwar uban, ya yi bauta ya yi zaman daji, shi ne a 495 ya isa kangon Vinyamar ya tarar da kayan yaƙin nan a rataye, suka zauna masa cif. Ulmo ya fito masa daga teku cikin hadari ya aike shi, Voronwe ya yi masa jagora. Saƙon a fili yake: lokaci ya yi, sarki ya bar garin ya kwashi jama'arsa ya gangara bakin teku.

A nan ne nake rabuwa da masu ɗora wa Maeglin laifin komai. Gaskiya ne da ɗan gari akan ci gari, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Turgon ya ga sulken da shi da kansa ya rataye shekara kusan 380 da suka wuce, ya ji muryar wanda ya nuna masa kwarin, ya tuna jan kunnen da aka yi masa kalma da kalma. Ba shi da hujjar cewa bai sani ba. Duk da haka ya ƙi, ya ma sa aka toshe hanyar shigar da duwatsu, ya hana kowa ƙetare tsaunuka. Mikiyoyi suka kawo labarin faɗuwar Nargothrond, suka kawo na Doriath, ya toshe kunne. Da Morgoth ya saki Hurin bayan shekara 28, tsoho ya zo gindin duwatsun yana neman hanya, Turgon ya yi jinkirin aika mikiya ta ɗauko shi, har mutumin da ya ba da komai nasa don garin ya tsaya yana ƙwala kiran sunan sarki cikin jeji. 'Yan leƙen asiri na ji. Da wannan Morgoth ya san yankin da zai nema. Garin da aka gina don ya tsare jama'a, sai ga shi jama'a ake tsarewa don kada a rabu da gari. Abin da zan yaba wa Turgon shi ne bai hana Tuor 'yarsa ba. Aka ɗaura aure a 502, aka haifi Earendil a 503.

Mai hankalin garin Idril ce. Ita ta sa aka haƙa wata hanya ta ƙarƙashin ƙasa a ɓoye, ta ce kada ko alama Maeglin ya ji. Shi kuwa yana saɓa dokar sarki yana fita bayan duwatsu neman ma'adini, har Orc suka cafke shi suka kai shi gaban Morgoth. Tsoron azaba ya sa ya tona komai, aka kuma yi masa alƙawarin sarautar garin da Idril. Ya dawo yana fara'a kamar ba abin da ya faru.

A shekara ta 510, daren bikin Ƙofofin Bazara, jama'a na kan ganuwa sun fuskanci gabas cikin shirun nan nasu, sai haske ya taso. Amma daga arewa ya taso, kuma ja ne. Ta wajen da duwatsu suka fi tsawo, inda tsaro ya fi rauni, rundunar ta hauro: Orc, kyarketai, Balrog da macizai masu aman wuta. A majalisar gaggawa Tuor ya ce a fita a fasa su a fili tun kafin su kewaye tudun, a tsira da mata da yara. Maeglin ya tuna wa sarki dukiya da kyan garin, sarki ya bi tasa. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Mutanen Rog suka fita da gudumominsu suka kora abokan gaba har fili, ba ko ɗaya da ya dawo. Ecthelion, hannunsa a raunane ba takobi, ya soki Gothmog shugaban Balrog da tsinin kwalkwalinsa, suka faɗa tafkin fada tare suka nutse. Maeglin ya kama Idril da yaron zai jefa shi ƙasa, Tuor ya cim masa ya wurgo shi daga kan ganuwa, bakin uba ya kama shi. Turgon ya jefar da kambinsa a gindin bishiyar zinariya, ya ce kowa ya bi Tuor, shi ba inda za shi. Ya hau hasumiyarsa, ta rushe da shi.

Waɗanda suka bi ramin Idril sun fita ne cikin tururin maɓuɓɓugan da wuta ta ƙafar, shi ya rufe su. A wata siririyar hanya kan dutse wani Balrog ya tare su, Glorfindel ya tare shi, suka faɗa rami tare. A rubutun farko an ƙirga waɗanda suka kai bakin teku: maza da yara maza 320, mata da 'yan mata 260. Daga garin da ya taɓa fitar da mayaƙa 10,000.

Wanda ya rubuta wannan ba daga littafi ya san yaƙi ba. An haifi Tolkien a 1892 a Bloemfontein ta Afirka ta Kudu, ya tashi a Ingila, kuma a 1916 yana ƙaramin hafsa mai kula da sadarwa a fagen Somme a Faransa, inda a ranar farko kaɗai, 1 ga Yuli, sojan Birtaniya sama da 19,000 suka mutu. Cikinsu har da amininsa Rob Gilson. Wani aminin, G.B. Smith, ya bi shi a Disamba. Shi kuwa zazzaɓin da ƙwarƙwatar ramukan yaƙi ke yaɗawa ne ya kwantar da shi aka maido shi gida a Nuwamba, kuma yana jinya ya soma rubuta faɗuwar Gondolin, matarsa Edith ta kwafe masa da kyau. Kusan shi ne labari na farko cikakke na duk wannan duniya, shekara 20 kafin The Hobbit ta fito a 1937. A wannan rubutu na farko wasu macizan Morgoth na ƙarfe ne, ƙerarru, suna hawa kan ganuwa, cikinsu a cike da Orc. A Satumbar 1916, a Somme ɗin nan, aka fara shigar da tankar yaƙi fagen fama. Tolkien ya tsani a riƙa cewa kaza a labarinsa na nufin kaza a duniya, to amma mai karatu na da ido.

Abin takaici, bai taɓa gama shi yadda yake so ba. A 1951 ya sake ɗauko labarin da alƙalamin da ya riga ya nuna, ya bi Tuor tun daga yarinta, ya wuce da shi ƙofofi bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ya tsayar da shi yana hango farin birnin daga nesa, sai ya ajiye alƙalami. Ya rasu a 1973. Ɗansa Christopher ne ya fitar da The Silmarillion a 1977, inda faɗuwar garin ba ta wuce 'yan shafuka ba, sai rubutun 1951 a Unfinished Tales a 1980, sai na farkon a 1984. A 2018, yana da shekara 93, ya tattara su duka a littafi guda, The Fall of Gondolin, da zanen Alan Lee, wanda yana cikin waɗanda suka tsara wa Peter Jackson fasalin duniyar finafinansa. Shi ne littafi na ƙarshe da Christopher ya shirya kafin rasuwarsa a Janairun 2020. Wanda ke son ya shiga labarin, shawarata ya fara da wannan, don Silmarillion na da nauyin shiga ga sabon hannu.

Yaron nan Earendil, da aka fitar yana ɗan shekara bakwai, shi ya girma ya yi abin da jiragen kakansa suka kasa, ya isa Valinor ya roƙa wa Elfawa da mutane gafara, har aka zo aka murƙushe Morgoth. Aka ɗora shi a sama da Silmaril a goshi ya zama tauraron asuba, wanda mu muke kira Gamzaki. Haskensa ne a 'yar kwalbar da Galadriel ta ba Frodo. 'Ya'yansa biyu, Elrond da Elros, kuma daga Elros ne zuriyar Aragorn ta fito. Glorfindel ma an maido shi duniya, shi ne a littafi ya tarbi su Frodo a hanyar Rivendell ya ɗora shi kan dokinsa. A fim ɗin 2001 Jackson ya cire shi ya ba Arwen aikin. Ta fuskar fim na gane dalili, ana bukatar a ga jarumar da wuri, amma da wannan aka yanke mutum guda da ya taka titunan Gondolin da ƙafarsa.

Dalilin da ya sa ba ka taɓa ganin garin a allo ba kuwa na takarda ne. A 1969 Tolkien ya sayar wa kamfanin United Artists haƙƙin yin fim na The Hobbit da The Lord of the Rings kaɗai. The Silmarillion ba ta cikin cinikin, lokacin ma ba a buga ta ba, tana hannun magadansa. Ko kamfanin Amazon da ya zuba maƙudan kuɗi a 2017, ya fara nuna The Rings of Power a 2022, abin da ya saya bai haɗa da ita ba. Shi ya sa Jackson ya iya sa Gandalf ya ambaci sunan Gondolin, tunda sunan na cikin The Hobbit, amma bai isa ya nuna ko ƙofa ɗaya cikin bakwai ɗin ba.